Hannun da Ya Taɓa Kunne

Batsari, 12 ga Yuni, 1975

Zuwa ga ɗan'uwana Armaya'u, a Zakka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka gaisuwa mai yawa. Yaya jikin mahaifiyarka, Inna Tasalla? An ce mini gyambon ƙafarta ya sake tashi, Allah ya ba ta sauƙi. Yaya garke? Mu nan ruwa ya sauka, an gama shuka, a Wagini gero har ya fara rufe ƙasa. Ni da Hansai da yara muna lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, tunda shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar Sallah. To, kakana da kakanka ciki ɗaya suka fito, kuma gida ɗaya muka tashi a Wagini kafin ku koma Zakka. Ban ga wanda zan kai wa kukana ba in ba kai ba.

Zan bar aikin allurar shanu. Shekara goma sha shida ina bin ruga-ruga da akwati a bayan keke, ya ishe ni. Aikin nas nake so in koya, a makarantar jinya ta birni. Kada ka yi dariya, an riga ka. Ka san ni da karatu ba mu taɓa shiri ba, satifiket ɗina ko ni ba na son kallonsa. Sau biyu ina zama jarrabawar shiga ina faɗuwa. Bana na haye da ƙyar, sunana ne na ƙarshe a jikin allo, har ƙusar da aka kafe takardar ta cinye rabinsa. Shugabar makarantar ta dubi makina ta girgiza kai, sannan ta miƙo mini sirinji ta ce in zuƙo ruwa ta gani. Da ta ga hannuna sai ta daina girgiza kai. Ta ce gwamnati na ta gina asibitoci da kuɗin mai, ga gini ga gadaje babu masu aiki, don haka za su ɗauke ni a haka.

Saura abu ɗaya. Ba sa ɗaukar wanda ya kai shekara talatin da biyar. Takardar makarantata ta ce talatin da bakwai gare ni, alhali talatin da huɗu ne. Ka tuna yadda ake ɗibar yara a zamaninmu: a sa ka ɗora hannu bisa kai, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen ka isa shiga. Ni kuwa Allah ya yi ni da dogon hannu. Malam ya ga ya taɓa, ya rubuta shekara takwas, ni ko shida ban cika ba.

Maganin abin shi ne wani ɗan'uwa da ya girme ni ya je gaban alƙali ya rantse a kan shekaruna, a ba shi takarda. Manyanmu maza duk sun tafi. Ina roƙonka ka shiga Safana ka faɗa wa alƙali ka girme ni da shekara biyu. Aikin rabin sa'a ne. Ƙarshen watan Agusta suke rufe karɓa, kuma baɗi na kai talatin da biyar na gaskiya, ƙofa ta rufe ke nan har abada.

Ka ba Barau direba amsa, yana zuwa kasuwar nan duk Alhamis.

Naka,
Badaru

Zakka, 20 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Yaya Badaru, babban dangi, mai riƙe da sandar Baffa Yero.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Shanu sun ƙoshi. Inna tana nan da ƙafa, ta gode da tambaya, ko da yake ta ce ba ta san kana tuna tana da ƙafa ba.

Na karanta takardarka sau uku, don karatun yaƙi da jahilci na yi, na ce ko idona ne. Shekara goma sha biyu kana rubuto mani "zuwa ga ƙanena". Yau na wayi gari na zama "ɗan'uwana". Tun daga nan na san da magana, ruwa ba ya tsami banza.

Bari in tuna maka abin da ka ga damar mantawa. Ranar addu'ar bakwai ta Baffa Yero, dangi sun taru a Wagini za a miƙa sandarsa ga babba a cikinmu, wanda zai riƙa ba da auren 'ya'yan dangi, wanda za a fara gaisarwa ranar Sallah. Kowa ya san ni ne. Har an miƙo mani, sai ka zura hannu a aljihu ka zaro takardar makaranta, ka karanta wa dagaci cewa ka girme ni da shekara guda. Inna ta leƙo daga bayan zana ta ce, "Ya za a yi haka? Na yaye Armaya'u kafin a haifi Badaru." Me ka ce mata, a gaban maza sun fi hamsin? Ka ce takarda ba ta mantuwa, tsohuwa ce ke mantuwa. Aka yi dariya. Tun ranar nan duk Sallah sai na ɗaure wa jaki akumari na taho gidan dangi a Wagini na durƙusa a gabanka, kana miƙo mani yatsu biyu.

Yanzu takardar da ba ta mantuwa ta yi ɗan kuskure. Madalla.

A ajinmu an rubuta mana a bango cewa gemu ba ya hana ilimi. Amma ban ga inda aka rubuta cewa neman ilimi yana aske wa mutum shekara uku ba. In sanda ake rabo kai ne babba, in makaranta ake shiga kai ne ƙarami. Gobe in an ce mata kaɗai ake ɗauka, sai ka aiko in rantse kallabi gare ka.

Kuma kana ce mani aikin rabin sa'a. Alƙur'ani ba sirinji ba ne da za a ɗauka a ajiye. Ni ba tsoron rantsuwar nake ba, gaskiya ce zan faɗa, kuma na daɗe ina son wurin faɗinta. Amma ga sharaɗina. Ka zo Zakka da ƙafarka, ka tsaya gaban Inna da shaidu, ka ce ba ta yi mantuwa ba. Sannan a tambaye ta yadda aka yi, ta faɗa da bakinta kowa ya ji. In ba haka ba, ka ci gaba da bin gindin shanu, dama su ba su tambayar shekaru.

Ƙanenka a takarda,
Armaya'u

Batsari, 26 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Armaya'u.

Bayan sallama, ina fatan kuna lafiya. Mu ma haka, sai Hansai da ke fama da ɗan zazzaɓin damina.

Saƙonka ya iso, na sha zagi na ƙoshi. Ban musa ba, na faɗi waccan magana, kuma na san ba daidai ba ce tun kafin in rufe baki. Amma tunda ka iya tuni, zo in tuna maka nawa.

Kai kana gida kana shan kindirmo aka kai ni aji ina ɗan shekara biyar, cikin yara masu takwas da tara. Ko alli ban iya riƙewa ba. Malam yana ganin tsawona yana cewa iskanci ne, ya yi ta tsula mini bulala. Jakin aji suke kirana. Na maimaita aji biyu, na maimaita aji huɗu. Kafin hankalina ya iso inda jikina yake, na riga na yarda ni daƙiƙi ne, kuma wanda ya yarda da haka ko an buɗe masa littafi ba ya ganin komai. Makin da kake ji ina jin kunya daga nan ya samo asali. Yaran da muka shiga tare sun fito da lambar yabo, wasu yanzu suna Kaduna da motoci. Ni abin da na fito da shi daga makaranta shi ne shekara ukun nan da malam ya ƙara mini. Ranar da na ga za su yi mini amfani sau ɗaya a duniya, na yi amfani da su. Ban ce na kyauta ba. Na ce ka san inda abin ya fito.

Zan faɗa a gaban dagaci da duk wanda kake so cewa ka girme ni. Ka zaɓi rana. Amma Inna ka bar ta inda take. Ba na so a tara mata mutane, ba na so a tambaye ta komai game da yadda aka kai ni makaranta. Abin da za ta faɗa ba zai ƙara wa kowa komai ba sai ɓacin rai. Wannan tsakanina da kai ne.

Kwana na tafiya, Armaya'u. Saura wata biyu.

Badaru

Zakka, 5 ga Yuli, 1975

Badaru,

Lafiya muke. Allah ya ba Hansai sauƙi, ita ba ta yi mani komai ba.

Ashe har yanzu kana nan a inda kake. Abin da uwata za ta faɗa ba zai ƙara wa kowa komai ba! Wato dagaci mutum ne, alƙali mutum ne, takarda ma mutum ce, amma matar da ta goya ka bayan uwarka ta rasu, ta tauna maka tuwo ta sa maka a baki, ita maganarta iska ce. Shekara goma sha biyu ba su koya maka komai ba. Ka zo neman alfarma da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da mari.

Tunda haka ne, bari in buɗe abin da na rufe. Ka ce shekara biyu ba ma magana, ba ka ce don me ba. Ni zan ce.

Bazarar shekarar fari ka zo Zakka yi wa shanu allurar ciwon huhu. Ɗiyata Ma'u, 'yar shekara huɗu, tana kwance wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi. Babu mota, ba ranar kasuwa ba ce. Akwatinka yana buɗe a gindin tsamiya, cike da kwalabe. Na zo na kama rigarka, ni da ban taɓa roƙonka komai ba, na ce Yaya ka yi mata allura ko ɗaya ce. Har Yayan na ce maka. Ka ce maganin shanu ne, ba ka da izini. Izini! Ranar nan ka yi wa shanuna saba'in allura, ko ɗaya ba ta kuɓuce maka ba. Na aza ta bisa jaki muka kama hanyar Safana da rana tsaka. Ba mu kai rabi ba na ji ta yi nauyi a hannuna.

Yanzu kai ne za ka sa farar riga ka tsaya a kan 'ya'yan mutane, ni kuma in dafa Alƙur'ani in buɗe maka ƙofa. Da wane ido zan dubi uwar Ma'u? Wanda ya tsaya neman izini a kan jininsa, in aka kawo mashi ɗan wani sai ya ce a jira sa hannun Gwamna.

Kada ka sake aiko mani da lissafin watanni. Ni ma ina da nawa, wata ashirin da bakwai ke nan.

Armaya'u

Batsari, 10 ga Yuli, 1975

Zuwa ga Armaya'u.

Ina gaishe ku. Hansai ta warke.

Na jima ina jiran ranar da za ka faɗi wannan, kuma gara da ka faɗa. Ka saurare ni sau ɗaya, in ya so ka yaga takardar.

Ƙarya na yi maka a gindin tsamiya. Ba izini ne ya hana ni ba. Ban sani ba ne. A cikin akwatin akwai kwalba ɗaya da na ji ana cewa irinta ake yi wa mutane, amma ni awon bijimi na sani. Ban san nawa ake zuƙa wa yarinya 'yar shekara huɗu ba. In na rage, banza. In na ƙara, ni na kashe ta da hannuna a gabanka. Na tsaya da sirinji a hannu, ni babban dangi, ni ɗan boko, ga mutane suna kallo, sai na ji kunyar in ce ban sani ba. Na ce izini. Na bi bayanku a kan keke, ka sani, kuma ni na karɓe ta daga hannunka da ka kasa sauka daga kan jakin.

Bayan wata biyu na je birni na tambayi wani nas. Ya ɗauki biro ya rubuta mini awon a bayan kwalin ashana, ko tunani bai yi ba. Layi ɗaya ne, Armaya'u. Bai ce lalle da ta tashi ba, ya ce da an gwada. Kwalin yana aljihuna har yau. A shekarar na fara zama jarrabawa. Kana tsammani sha'awar farar riga ce ta sa mai 'ya'ya biyar ya zauna benci ɗaya da 'yan mata sa'o'in 'yarsa, suna ce masa Baba ka ara mana rula? Na faɗi, na koma, na faɗi, na koma. Duk inda na shiga da akwatin nan mata suna fito mini da yara suna cewa malam duba mana, ni kuma ina cewa ba ni da izini. Na gaji da faɗin wannan kalma.

Ban ce ka yafe mini ba. Ga sandar Baffa Yero nan na ba Barau tare da takardar nan. Taka ce tun farko. Ko ka rantse ko ba ka rantse ba, kada ka dawo da ita.

Badaru

Batsari, 8 ga Agusta, 1975

Armaya'u,

Gaisuwa. Muna raye.

Mako huɗu ke nan. An yi juyin mulki a Ikko, an canza gwamnoni, har sababbin sun zauna, kai ba ka iya rubuta layi biyu ba. Na buɗe maka cikina irin yadda ban taɓa buɗe wa Hansai ba. Na aiko maka da sanda. Ka karɓe ka yi shiru. Na gane, abin da kake so ke nan: ka riƙe sanda, ka riƙe rantsuwa, ka zauna kana kallon kwanaki suna ƙarewa a kaina. Saura mako uku. Jiya na je birni, magatakardan makarantar ya ce akwai yara goma sha ɗaya a layi suna jiran gurbina, kowannensu ya fi ni maki.

To, tunda ba abin da ya rage mini, ni ma zan ajiye kara. Ka ce na raina Inna don na ce kada a tambaye ta. Kai ne ba ka san abin da kake tonowa ba.

Ranar da dogari ya zo Wagini da malamin makaranta, yaro ɗaya aka ce gidanmu zai bayar. Sunanka ne a bakin dagaci, kai ne mai shekara bakwai. Ina ka shiga? Cikin rumbun gero aka jefa ka aka rufe. Ni ina tsakar gida ina wasa da kara, maraya, ubana yana can daji a mashekari da shanu. Dogari ya ce ina yaron gidan? Na ɗaga kai in ga wanda za a nuna. Ka je ka tambayi Inna yatsan wa ya nuna ni. Ka tambaye ta wa ya kama hannuna ya ɗora bisa kaina, ya ja shi da ƙarfi har ya taɓa kunne, ina kuka kafaɗata tana zafi.

Abin da nake rufa mata ke nan. In ta tsaya gaban mutane, tambayar farko da za a yi mata ita ce yaya aka yi ɗan shekara biyar ya tafi, ɗan shekara bakwai ya zauna. Shekara ashirin da tara ban faɗa wa kowa ba, don ta goya ni. Ranar addu'ar bakwai da na ji muryarta daga bayan zana tana lissafa shekaruna daidai, ita da ta san su sarai ranar da dogari ya zo, sai zuciya ta ɗebe ni na faɗi abin da na faɗa.

Ka riƙe rantsuwarka. Gara ni jakin aji da wanda aka ɓoye a rumbu kamar iri. Na aiko wannan ta hannun Sahabi mai babur, tunda Barau ma ya daina zuwa, wataƙila kai ka hana shi.

Badaru

Zakka, 21 ga Agusta, 1975

Zuwa ga Badaru.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gero ya fara fitar da kai, shanu suna daji. Ka gaida Hansai da yara.

Kai dai ba ka taɓa iya haƙuri ba. Motar Barau ta karye a hanya tun ranar da ka ba shi saƙon, ta yi wata guda tana jiran ƙarfen gyara daga Kano. Takardarka da sanda suna bayan kujera, beraye har sun ci gefen ambulan. Ta zagin ce ta fara isowa, don babur ya fi mota sauri, kamar yadda bakinka ya fi hankalinka. Waccan sai bayan kwana biyu.

Da na karanta ta zagin, idona ya rufe. Na shiga ɗakin Inna na ce ki ji sharrin da ɗan riƙonki ya ƙulla maki, na karanta mata tun daga sama har ƙasa, ina jiran ta tsine maka. Sai ta ce, "Bai ƙara ko kalma ba. Ni na nuna shi. Ni na ja hannun." Na ce Inna, tsufa ne. Ta ce, "Kai ma za ka ce na yi mantuwa?"

Rumbun ina tune da shi, ba sai ka tuna mani ba. Ina tune da ƙaiƙayi, ina tune da kukanka yana yin nisa. Abin da aka faɗa mani shi ne dogari ne ya fizge ka, ni kuma ban taɓa tambaya ba, don amsar ta yi mani daɗi a haka. Ta ce a lokacin kowa ya yarda yaron da aka kai boko ya tafi ke nan, ba salla ba kiwo. Aka ce ta ba da ɗaya, ta ba da wanda ba ta haifa ba. Ta ce ranar da ka ci mata fuska a Wagini, ta koma bayan zana ta zauna, ba ta ƙara magana ba, don ta san abin da take girba.

Na ce to, gobe zan shiga Safana in rantse. Ta ce, "Kai me ka sani? Kana goye aka haife shi. Ku aza ni bisa jaki." Na ce ƙafa fa? Ta ce ba da ƙafa ake rantsuwa ba.

Ranar Litinin muka tafi. Hanyar da ka sani ce, kuma ban bi ta da jaki ba tun wancan karon. Sau huɗu muna sauke ta tana hutawa. Alƙali ya ce a shimfiɗa mata tabarma, ya tambaye ta yadda ta san shekarunka. Ta ce ita ta yanke maka cibiya, damina biyu bayan haihuwata. Ya ce to yaya aka yi malam ya rubuta takwas? Ni na so in tari numfashinta in ce kuskure ne. Ta ɗaga mani hannu. Ta faɗi komai, da rumbu, da yatsa, da hannu, a gaban kotu cike da mutanen da suka zo shari'ar gona. Ta ce ranar nan ni ina da wawulo, kai ko famfara ba ka fara ba, duk mai ido ya san wane ne babba. Ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya sa aka kawo mata ruwa ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani, ta rantse.

Ga takardar nan da hatimi, na ba Sahabi a hannu, na ce in ta jiƙe kada ya dawo garin nan. Shekararka talatin da huɗu. Ka kai wa makarantar gobe, kada ka tsaya gyaran hula.

Kada ka ɗauka mun shirya. Na karanta maganar kwalin ashana. Na yarda ba mugunta ba ce, amma da ka ce mani ban sani ba, da na daɗe da sauke abin da nake ɗauke da shi. Girman kai ya sa ka bar ni shekara biyu ina tsammani ka fi son aikinka da ɗiyata. Wannan ban huce ba, kuma ban ce ga ranar da zan huce ba. Uwar Ma'u na karanta mata, ta tashi ta fita.

Sanda ta iso. An aiko ta a bayan kujerar mota kamar buhun wake, amma ta iso. Ban riƙe ba tukuna. Inna ce ke dogarawa da ita zuwa bayan gida, ta fi mu buƙatarta. Ranar Sallah kada ka zo ka durƙusa mani, ni ma ba zan zo ba. Kowa ya zauna gidansa bana, gwiwoyi su huta.

Wannan karon da gemunka za ka shiga aji, kai ne babba a gaskiya, ba wanda ya ja maka hannu. In ka sake zuwa na ƙarshe ba ka da malamin da za ka ɗora wa. Ka koyi awon yara kafin komai.

Tafiyar ta tayar wa Inna da gyambon, yana ruwa sosai. Na ce mu kai ta asibiti, ta ce tana da nas, shi take jira. Na ce mata karatun shekara uku ne. Ta ce in rubuta maka haka, kuma ta sa na maimaita mata don kada in canza: sau biyu ke nan tana tura ka makaranta. Na farko tana roƙon ka yafe mata. Na biyu kuwa ka yi sauri, ƙafar ba ta iya jiran mai maimaita aji.

Yayanka, da hatimin alƙali,
Armaya'u